Duwatsu da Dogo a Kan Tebur

A Birtaniya, da wuya ƙarshen mako ya wuce ba a buɗe wani zauren makaranta ko ɗakin taron gari an jera tebura ba, jama'a su biya kuɗin shiga don kawai su sunkuya su kalli jirgin ƙasa wanda kansa bai wuce tsawon babban yatsa ba. Dattawa ne da jikokinsu, da magidanta, da samari da 'yan mata. A bayan kowane tebur akwai wanda ya ƙera abin da ke kai, riƙe da 'yar na'urar tuƙi. Sau da yawa teburin bai kai mita biyu ba, amma a kansa akwai kwari, da rafi, da gadar dutse, da gidan manomi mai rufin da ya fara lotsawa, da tumaki a kan tudu. Can sai ɗan jirgi ya ɓullo daga bayan bishiyoyi, yana jan taragai huɗu, ya bi gefen dutse a hankali har ya tsaya a tasha. Mai kallo ya san kwali ne da soso da gam, amma idonsa ya ƙi yarda.

Masu wannan aikin sha'awa sun kasu gida-gida. Akwai masu son manyan jirage masu gudu, akwai masu tara kawunan jirgi a kabad suna share musu ƙura. Waɗanda suka fi burge ni su ne masu ƙera siririn dogo tare da ƙasar da yake ratsawa. A wurinsu jirgin ƙaramin ɓangare ne na aikin. Ƙasa suke ginawa, kuma babu mai iya gina ƙasa sai wanda ya daɗe yana kallonta. Hannu yana da nasa aikin, amma a wannan fanni ido ne ke gaba.

Asalin maganar faɗin dogo ne, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun da ƙafafun jirgi ke bi. Yawancin layukan duniya milimita 1,435 ne, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna. Duk wanda ya gaza haka, siriri ne. Tsohon dogonmu da ya iso Kano a 1911 ma yana cikin wannan lissafi, domin milimita 1,067 ne. Sai dai layukan da suka sace zukatan masu ƙira sun fi wannan sirantaka nesa ba kusa ba. A arewacin Wales akwai layin Ffestiniog, mai faɗin milimita 597 kacal. An buɗe shi a 1836 don sauko da wani irin dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda Turawa ke rufin gida da shi, daga ma'adinan Blaenau Ffestiniog zuwa tashar jiragen ruwa ta Porthmadog, tafiyar kusan kilomita 22. An tsara layin ya zama gangara tun daga sama har ƙasa, saboda haka taragai masu kaya da kansu suke gangarowa, dawakai kuma su ja su zuwa sama in an sauke kayan. Dokin ma yana da nasa taragon da yake hawa a lokacin gangara, yana hutawa. Sai a 1863 aka kawo injinan tururi.

Me ya sa aka yi su sirara haka? Kuɗi da dutse. Babban dogo yakan tilasta wa ƙasa ta ba shi hanya: a fasa dutse, a cike kwari, a huda tsauni. Siririn dogo ba shi da jarin yin haka, sai ya bi ƙasa yadda ya same ta. Ya zagaye dutsen da ya tare shi, ya raɓa gefen kwazazzabo, ya ratsa ta bayan gidan mutum. Layin Darjeeling na ƙasar Indiya, wanda aka gama a 1881, faɗinsa milimita 610 ne, yana hawa har sama da mita 2,200 a tsaunukan Himalaya. A wasu wurare yakan yi kewaye ya haye ta kan kansa, a wasu kuma ya yi gaba ya dawo da baya don ya ƙara tudu, sannan ya ratsa cikin kasuwa dab da rumfunan mutane. Wannan biyayyar da siririn dogo ke yi wa ƙasa ita ce ta sa ya dace da tebur. Taragon fasinja na babban layi yakan kai mita 20. In an rage shi zuwa kashi ɗaya cikin 76, ya zama santimita 26, goma daga cikinsu da kan jirgi sun cinye kusan mita uku tun ba a sa itace ko ɗaya ba. Jirgin siririn dogo kuwa, kai da taragai huɗu ba su wuce kamu ɗaya da rabi ba, kuma yana iya juyawa gaba ɗaya a kan katako mai faɗin santimita 60. Sauran filin duka na duwatsu ne da ruwa da gidaje.

Akwai ɗan lissafi da dole a sani. Ma'aunin siririn dogo da ya fi yaɗuwa a Birtaniya shi ne wanda suke kira 009: komai an rage shi sau 76, dogon kuma faɗinsa milimita 9. In ka ninka 9 sau 76 za ka sami milimita 684, wanda kusan shi ne faɗin layin Talyllyn na Wales, layin farko a duniya da 'yan sa-kai suka karɓa suka ci gaba da tafiyar da shi, a 1951. A wannan ma'auni mutum mai matsakaicin tsayi milimita 23 ne, bulon jan ƙasa kuma bai cika milimita 3 ba. Jamusawa da maƙwabtansu sun fi amfani da H0e, kashi ɗaya cikin 87 a kan dogon milimita 9 ɗin nan, wanda kamfanin Egger-Bahn ya fara yaɗawa a 1963. Amurkawa masu son layukan tsaunukan Colorado suna da nasu ma'aunan, HOn3 da On30. Akwai kuma masu fita da abin tsakar gida, su shimfiɗa dogon milimita 32 ko 45 a lambu, da injinan da ake zuba wa ruwa a hura musu wuta su yi tururi na gaske.

Amma duk wannan ragewar ba ta isa ba, kuma a nan gwanintar take farawa. Kilomita ɗaya a ma'aunin 009 mita 13 ne. Mai son ya kwaikwayi layin Ffestiniog daga farko har ƙarshe sai ya nemi ɗaki mai tsawon kusan mita 300. Tunda babu mai shi, dole a zaɓa. Gada mai baka takwas sai a yi ta da biyar. Tashar da ke ɗaukar taragai goma a mai da ta mai ɗaukar huɗu. Gonaki uku su koma ɗaya. Wanda ya iya, in ya gama rage-ragen nan, ɗan garin da ya tashi a wurin zai leƙa ya ce ai nan ce tasharmu. Wanda bai iya ba kuwa, ko da ya auna komai daidai, abin ba zai yi kama da ko'ina ba. Sanin abin da za a zubar da abin da in an taɓa shi wurin ya mutu, ba a sayar da shi a kanti. Shi ya sa kafin a yanka katako ko ɗaya, mai ƙira yakan yi watanni yana bin tsofaffin hotuna da taswirori, yana zuwa wurin da ma'auni a aljihu. In ginin ya rushe sai hotonsa, to zama zai yi ya ƙirga layukan bulo daga ƙasa zuwa rufi, ya fitar da tsayin bangon. Layin Lynton zuwa Barnstaple da ke Devon an buɗe shi a 1898, aka rufe shi a 1935, aka tumɓuke ƙarafansa, amma har yau yana cikin layukan da aka fi ƙerawa, daga hotuna da zane-zane da ragowar tashoshinsa da gadojinsa.

Wasu kuma ba sa kwaikwayon wani wuri na gaske. P. D. Hancock, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Edinburgh, ya fara gina layinsa na Craig da Mertonford wajen 1950, tun ba a sayar da dogon milimita 9 a kasuwa, kusan komai da hannunsa ya yi. Ya ƙirƙiri gunduma guda a Scotland wadda ba ta cikin taswira, ya ba ta garuruwa da tashar ruwa da tarihi da mutane. Wannan ya fi wuya a ganina, domin ƙasar da aka ƙirƙira ma sai ta bi dokar ƙasa. Sai an san dalilin da ya sa aka shimfiɗa dogon, abin da yake ɗaukowa, da inda yake kai shi.

Aikin hannu da kafinta yake farawa. Ana haɗa firam na filawud marar nauyi, a sassa-sassa da za su shiga bayan mota in za a je baje koli. Sabon shiga yakan ɗora faffaɗan katako ya kafa dogo a kai, daga baya ya rasa inda zai sa rafi, domin ruwa a ƙasan dogo yake gudu. Gwani da wuri mafi zurfi yake farawa. Ya fara tsayar da gindin kwari, sannan ya ɗaga hanyar jirgi a kan 'yan ginshiƙai, ya bar ƙasa ta hau sama da ita a nan, ta faɗa ƙasa da ita a can. Da wannan kaɗai ana gane hannun da ya ƙware.

Sai shimfiɗa dogo da jan waya. Wutar lantarki, wajen bolt 12, ta cikin ƙarafan dogon take bi ta shiga ƙafafun injin ta kai ga ɗan motar da ke ciki. Injin 009 ba shi da nauyi, ƙafafunsa huɗu ne ko shida, don haka ɗigon datti ɗaya ya isa ya tsayar da shi cak. Ga shi kuma ana son ya yi tafiya a hankali. Jirgin da ke yin kilomita 24 a awa, in an rage, santimita 9 ne a daƙiƙa, wurin shiga tasha ma ƙasa da haka. Gudu ba wuya, kowane abin wasan yara yana yi. Rarrafe ba tare da sarƙewa ba shi ne jarrabawa. Saboda haka ake liƙa wa kowane guntun ƙarfe tasa wayar da dalma, a kai wuta har tsakiyar mararraba inda layi ke rabuwa biyu, a cusa ɗan nauyi a duk wani lungu na cikin injin. Sannan a yi ta gwaji makonni, gaba da baya, kafin a rufe komai da duwatsu, domin gyaran da ke ɗaukar minti biyar yau zai zama rushe tsauni gobe.

Daga nan ne ake shiga ɓangaren da na fi so. Ana jera falle-fallen soso mai tauri, irin na rufe bango don sanyi, a sassaƙe shi da wuƙa har tudu da kwari su fito, a lulluɓe da ƙyalle mai filasta. Dutse kuma ko a zuba filasta a mazubin roba da aka kwafo daga jikin dutse na gaske, ko a sassaƙa shi da hannu kafin ya bushe. A nan ake gane wanda ya taɓa tsayawa ya dubi dutse. Dutsen Wales mai falle yana karyewa ne a miƙe, layi-layi, duka sun karkata gefe guda. Dutse mai ƙwaya yakan yi ƙwallo-ƙwallo masu santsi. Farin dutse yana kwanciya hawa-hawa. Wanda ya gauraya su a tudu ɗaya, ko mai kallo bai san ilimin duwatsu ba, zai ji a ransa akwai abin da bai zauna ba. Fenti ma ba a shafa shi da kauri. Ana tsinka shi da ruwa sosai a bar shi ya gangara cikin tsagogi ya yi duhu a can, kamar yadda ruwan sama ke yi, sannan a ɗauki buroshi da ya kusa bushewa a shafi goshin dutsen da launi mai haske.

Tsakuwar da ke tsakanin katakan dogo da cokali ake zuba ta, a daidaita da buroshi ƙwaya-ƙwaya, a fesa mata ruwa, sannan a ɗiga farin gam da aka tsinka rabi da rabi da ruwa, da ɗigon sabulun wanke kwano don ya ratsa ba tare da ya ture tsakuwar ba. Mita ɗaya yana iya cin yamma guda. A kan siririn dogo ba a son ta yi tsaf, domin waɗannan layuka na talakawa ne, toka da ƙasa da ciyawa sun cinye rabin katakansu.

Ciyawar kuwa abin mamaki ce. A da garin katako ake rinawa kore a barbaɗa, sai fili ya fito a kwance, ba rai. Yanzu akwai wasu 'yan zaruruwa masu tsawon milimita 2 zuwa 12. Ana shafa gam a ƙasa, a soka ƙusa mai waya a ciki, a zuba zaruruwan a wata na'ura mai rariya da ke ɗora musu cajin lantarki. In an girgiza, sai su faɗo su tsaya a tsaye cikin gam, kowanne da kansa a sama. Masu ƙaramin ƙarfi sukan haɗa tasu na'urar da raket ɗin kashe sauro da matacin shayi na ƙarfe. Amma na'ura ba ta san launi ba. Gwani ya lura cewa ciyawa ba kore ɗaya ba ce: ta bakin rafi ta fi duhu da tsayi, ta kan tudu ta yi fari-fari, inda tumaki ke kiwo gajera ce, gindin katanga inda bakinsu ba ya kaiwa ta yi tsawo ta bushe, inda mutane ke yanke hanya kuma ta mutu ta bar ƙasa. Sai ya yi ta hawa uku ko huɗu, yana gauraya launi kowane hawa.

Itace ma haka. Ana murɗa siraran wayoyin tagulla da yawa su zama gindi, a rarraba su su zama rassa, a rarraba rassan su zama ƙanana, a shafe da wani kwaɓi ya zama ɓawo, a liƙa ganye na garin soso ko na takarda. Itace ɗaya na gaban tebur yana iya cin kwanaki. Kuskuren da aka fi yi shi ne rage masa tsayi. Itacen da ya kai mita 20 a daji, a kan tebur santimita 26 ne, ya ninka tsayin jirgi sau shida ko fiye. Mai tsoro yakan yi shi rabin haka, sai jirgin ya zama ƙato. Mai ƙarfin hali ya bar itacen ya rufe jirgin, mai kallo ya riƙa hango shi ta tsakanin rassa, nan take sai wurin ya yi girma. Ana amfani da abubuwa na gaske inda suka karɓu: ƙasar wurin a tankaɗe a gasa, kwal a daka, busasshen ganyen shayi ya zama ganyen da ya zuba a gindin itace. Ruwa ne kaɗai ya ƙi. In an zuba ruwa na gaske a ɗan rafi ba ya kama da rafi, domin motsinsa da ɗigonsa ba sa raguwa sau 76. Sai a yi wa gindin rafin fenti, tsakiya duhu, gefe haske, a zuba wani ruwan roba mai daskarewa garau, a yi masa 'yan igiyoyi a sama.

Duk wanda ya yi nisa a wannan fanni ya san sunan Pendon, wani gidan tarihi a ƙauyen Long Wittenham kusa da Oxford. Roye England ne ya kafa shi a 1954. Mutumin Ostireliya ne, ya zo Ingila a 1925, ya ga ƙauyukan kwarin White Horse da gidajensu masu rufin ciyawa, ya kuma ga ana rushe su ana sauya musu kama. Sai ya ɗauki aniyar adana su a ƙanana. Ya fara ginin farko a 1931, ya ci gaba shekaru da dama kafin rasuwarsa a 1995, wasu kuma suka ɗora. Da farin kwali ake gine-ginen. A zana kowane bulo da tsinin ƙarfe, a yi wa kowanne fentin ruwa shi kaɗai, domin a bangon gaske babu bulo biyu masu launi ɗaya. Rufin ciyawa da zaren rama ake yin sa, ƙulli-ƙulli, a aske. Har cikin ɗakunan akwai kujeru da murhu. Jiragen da ke ratsa wannan kwarin na babban dogo ne, amma masu siririn dogo a nan suka koyi gini. A gidan ne kuma aka ajiye layin Madder Valley na John Ahern, wanda ya fara tun shekarun 1930, lokacin da yawancin mutane dogo kawai suke kewayawa a kan katako tsirara. Ahern na cikin na farko da suka sa jirgi a cikin ƙasa mai gari da tashar ruwa da kwari, kuma da yawa daga injinansa daga siraran layuka ya kwaikwayo su, har da na Darjeeling.

A Amurka kuma akwai John Allen, mai ɗaukar hoto a Monterey ta jihar Kalifoniya. A 1948 ya ci wata gasa da ɗan ginin ajiye injin jirgi, wanda ya yi wa tsufa da gangan, da tattabaru a kan rufi har da kashinsu. Mutane sun yi ta magana, domin a lokacin kowa ƙyalli yake so. Allen ya nuna cewa sabon fenti shi ke tona asirin abin wasa. Tun daga nan sanya tsufa ya zama fanni mai zaman kansa: tsatsa a inda ruwa ke kwanciya, baƙin hayaƙi a saman bakin ramin dutse, farin tabo a gefen tukunyar injin inda ruwa ke ɗiga, maiƙo a tsakiyar dogo inda injin ke tsayawa. Kowane tabo da dalilinsa. Sana'arsa ta hoto ta kuma koya masa yaudarar ido. Ya ɓoye madubai a ƙarshen tituna don gari ya ci gaba, ya yi gidajen baya ƙanana fiye da na gaba don su yi nisa, ya dusashe launinsu kamar yadda iska ke dusashe abin da ke nesa. Duwatsun layinsa na Gorre da Daphetid daga daɓen ɗaki suke tashi har sama da kan mutum, da reshen siririn dogo a cikinsu. Ya rasu a watan Janairu na 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye aikin da ya yi kusan shekara ashirin yana yi. Hotunan da ya ɗauka ne suka rage, kuma har yau da su ake koyo.

Akwai wata 'yar dabara game da mutanen da ake sawa a wurin. Gwanaye ba sa son mutum mai gudu ko mai ɗaga guduma, domin zai daskare a haka har abada, ido kuma zai kama shi. Sun fi son mai zama a benci, mai jingina da shinge, mata biyu suna hira, kare a kwance. Kuma kaɗan. Tashar ƙauye da mutum uku ta fi gaskiya a kan mai mutum talatin.

In an gama, sai wasa, kuma shi ma da ƙa'ida. Dogon yakan ɓace ta ƙarƙashin gada ko bayan gini ya shiga wani ɓoyayyen wuri inda ake sauya taragai da hannu, shi ne ke matsayin sauran duniya. Jirgi ya zo da kwal da gari, ya koma da dutse, bisa jadawali. Wanda ba shi da fili ma ba a bar shi a baya ba. Akwai wani tsari da Alan Wright ya yi suna da shi, mai suna Inglenook: layuka uku gajeru, ɗaya na ɗaukar taragai biyar, biyu na ɗaukar uku-uku. Taragai takwas ne, a zaɓi biyar a ce a jera su bi da bi. Hanyoyin jerin sun kai 6,720, duka a kan katakon da bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba.

Yau kamfanoni irin su Peco da Bachmann da Kato suna sayar da injinan 009 da aka gama, masu kyau ƙwarai, wasu har da sauti. Na'urar ɗab'i mai fitar da abu da jikinsa ta sa mutum na iya zana tarago a kwamfuta ya same shi a hannu. Ban ga laifin wannan ba, ya buɗe ƙofa ga mutane da yawa, ƙungiyar masu 009 da aka kafa a 1973 ma ta ƙaru da shi. Sai dai kuɗi iyakarsa ya sayo jirgi. Mutum biyu za su sayi injin iri ɗaya a kanti ɗaya, ɗaya ya ɗora shi a kan koren kafet, ɗayan ya sa shi a wurin da za ka ji kamar ka san sanyin safiyarsa. Bambancin, na biyun ya yi shekaru yana lura da inda gansakuka ke fitowa a jikin bango.

Mu ma muna da namu siririn dogon da ya cancanci irin wannan hidima. Layin da Turawa suka kira Bauchi Light Railway ya tashi daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya hau tsaunin Jos har Bukuru, kusan kilomita 230, faɗinsa milimita 762. An gama shi a 1914 don kwaso kuza, wadda kafin nan a ka ake ɗaukarta. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja baya, aka rufe shi a 1957. In an raba 762 da 87 ana samun kusan 9, wato dogon H0e da ake sayarwa ya yi masa daidai. Sauran kayan kuwa a ƙofar gida suke: jar ƙasa a tankaɗe, karan dawa da ɓargonsa, kwali, wayar tsohuwar fanka. Yaran da ke ƙera motar kara da ta gwangwani a unguwanninmu sun riga sun mallaki hannun. Abin da za a ƙara musu shi ne ma'auni, da ɗabi'ar tsayawa a dubi abu: yadda duwatsun Jos ke hawa kan juna, yadda shingen kerana ke kewaye gona, yadda kuka ke tsayawa tsirara da rani a ƙasar Zazzau, da launin sararin sama ranar da hazo ya sauka.

Wanda duk ke da niyya, ya fara da zuwa gidan tarihi na Jos inda aka ajiye abin da ya rage na jiragen wannan layi, da ma'auni da littafin rubutu. Sannan ya nemi dattawan garuruwan da dogon ya ratsa. Wanda ya hau jirgin yana ɗan shekara goma a shekarar da aka rufe shi, yau ya doshi tamanin. A je a tambaye su inda tasha take, da abin da ake sayarwa a bakinta, da launin taragan, tun suna nan.